Tarihin awon gona mai lungu-lungu

 Hirarmu ta yau ta tarihi ce, amma tarihi mai lissafi a ciki. Saboda haka kowa ya jawo allonsa ko kayensa kusa. In mun zo wurin lambobi sai a rubuta.

Bari mu soma da tambaya. In an ce da manomi, "Malam, mene ne girman gonarka?" me zai ce? Wani zai ce tana cin tiya uku ta iri. Wani zai ce tana ba da dami sittin in damina ta yi kyau. Wani kuma zai ce noman yini huɗu ce. Duk waɗannan amsoshi suna da amfani, da su kakanninmu suka zauna. Amma akwai ranar da ba su isa. Ranar rabon gado ba su isa. Ranar saye da sayarwa ko jingina ba su isa. Ranar da malamin gona ya ce a zuba taki kaza a kowace ekta, ba su isa. Hannun wani ya fi na wani sakin iri, damin wani ya fi na wani girma. A irin wannan rana ana bukatar awon da kowa zai yarda da shi.

In gona shimfiɗaɗɗiya ce kamar tabarma, gefe huɗu, kusurwoyinta daidai kamar na takarda, abin ba wuya. A auna tsawo, a auna faɗi, a yi wannan sau wancan. Tsawo metir 20, faɗi metir 10, 20 sau 10 ya ba da 200. To 200 na me? Ku zana ɗan fili a ƙasa, metir ɗaya nan, metir ɗaya nan. Shi ake kira murabba'in metir. Wannan gona tana ɗaukar irinsa 200. Ekta ɗaya kuwa murabba'in metir 10,000 ce, wato fili mai metir 100 tsawo, metir 100 faɗi.

Sai dai wa ya taɓa ganin gona kamar tabarma? Wannan ta kauce wa ƙorama. Waccan ta bi gefen burtali ta lanƙwasa. Wata tana da baki mai faɗi da wutsiya siririya. Wata maƙwabci ya shigo mata ta lungu. Wannan matsala ba yau ta soma ba. Ta fi shekara 4,000 tana damun mutane, kuma tun a wancan zamani suka samo maganinta.

Allunan laka na ƙasar Iraki

Tsakanin kogin Dijla da kogin Furatu, a ƙasar da ake kira Iraki yanzu, an yi manyan birane tun zamanin da. Mutanen wurin ba su da takarda. A kan ɗanyar laka suke rubutu da tsinken kara, su bar ta ta bushe. Laka ba ta ruɓewa, shi ya sa masu tonon kayan tarihi suka samo dubban allunansu a kufan birane irin su Umma da Girsu.

Cikin allunan akwai masu zanen gonaki, waɗanda aka yi wajen shekara 2,000 kafin haihuwar Annabi Isa. Manyan gonaki a lokacin na sarki ne da na ɗakunan bauta. Tilas magatakarda ya san girman kowace gona, don ya san yawan sha'irin da za a fitar daga rumbu a shuka, da yawan ma'aikatan da za a ciyar, da abin da za a sa rai a girbe. Kayan aikin mai awo biyu ne, igiya mai kusan metir 60 da kara mai kusan metir 3.

Ga yadda yake yi da gona mai lungu-lungu. Sai ya fitar da babban fili mai siffar tabarma a tsakiyarta, ya auna shi. Abin da ya saura a gefe-gefe sai ya yayyanka shi ƙanana. Wani yanki ya fito da kusurwa uku. Wani ya fito da gefe huɗu, amma sama ya fi ƙasa faɗi. Irin wannan suna ce masa goshin sa, don ya yi kama da fuskar bijimi in ya fuskance ka. A jikin kowane gefe ya rubuta tsawonsa, a cikin kowane yanki ya rubuta girmansa. Daga ƙarshe ya tara duka ya rubuta jimla.

Akwai wani allo da aka tono a kufan birnin Sippar, kusa da Bagadaza, a shekarar 1894. Yana ajiye a gidan kayan tarihi na Istambul. An rubuta shi tsakanin shekara 1,900 da 1,600 kafin haihuwar Annabi Isa. Shi ba gonar sarki ba ce. Gonar wani mutum ce da ya sayar da sashenta, aka kira mai awo ya tsaga iyaka tsakanin mai saye da mai sayarwa. A zanen har an nuna wurin da ke da dausayi da wurin masussuka. Kun ga ashe rigimar iyaka tsohuwa ce.

Kogin da ke share iyaka

Yanzu mu dawo nahiyarmu, mu je Misira. Wanda ya san yadda Gulbin Maraɗi ke cika ya malale fadama, ya san ɗan kaɗan daga halin kogin Nilu. Kowace shekara kogin yakan cika ya rufe gonaki wata da watanni. In ya janye sai ya bar baƙar laka mai albarka. Amma yakan tafi da alamun iyaka, ya zaftare gaɓa a nan, ya ƙara ƙasa a can. Haka aka yi ta yi har aka gama babbar madatsar Aswan a 1970, ambaliyar ta tsaya.

Wani marubucin tarihi Bagirke mai suna Herodotus ya ziyarci Misira wajen shekara 450 kafin haihuwar Annabi Isa. Ya ba da labari cewa in kogi ya cinye wa mutum sashen gonarsa, sai ya kai kuka wurin sarki. Sarki ya aiko masu awo su duba abin da ya ragu, a rage masa haraji gwargwadon haka. A ganinsa daga nan ilimin siffofi ya samo asali. Sunan da Girkawa suka ba wannan ilimi ma, wanda ƴan lakkal ke ji a bakin malamansu, ma'anarsa awon ƙasa.

A yammacin birnin Luksor akwai kabarin wani ma'aikaci mai suna Menna, magatakardan gonakin sarki, wanda ya rayu wajen shekara 1,400 kafin haihuwar Annabi Isa. A bangon kabarin an zana mutane suna jan igiya mai ƙulli-ƙulli a kan hatsin da ya nuna, ba a kai ga yanka ba, magatakarda na biye da kayan rubutu. A wani gefen zanen kuma ga wani an kwantar ana duka. Awon gona a wurinsu ba wasan yara ba ne. Daga igiyar nan ake yanke abin da mutum zai biya.

Littafin da ya fi nuna mana lissafinsu wani naɗaɗɗen rubutu ne mai tsawon kusan metir 5, a kan takardar da suke yi da wata ciyawar bakin kogi. Wani magatakarda mai suna Ahmes ya rubuta shi wajen shekara 1,550 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma shi da kansa ya ce daga wani tsohon littafi ya kwafo. Wani mutumin Sikotilan mai suna Rhind ya saye shi a Luksor a 1858, yanzu yana gidan kayan tarihi na Landan. Akwai tambayoyi fiye da 80 a ciki, kowace da amsarta.

Ku rubuta wannan. Ma'auninsu na gona sunansa khet, kamu 100 ke nan, wajen metir 52. A tambaya ta 51 akwai gona mai kusurwa uku, gindinta khet 4, tsayinta khet 10. Ahmes ya raba 4 biyu ya sami 2. Ya yi 10 sau 2 ya sami 20. Ya kuma faɗi dalilin raba gindin biyu: don gonar ta koma mai siffar tabarma.

Wannan dalili shi ne zuciyar hirarmu, don haka mu tsaya a kansa. Ku ɗauki takarda mai gefe huɗu. Ku naɗe ta daga wannan kusurwa zuwa waccan ta ƙetare, ku yaga. Kun sami guda biyu masu kusurwa uku, girmansu ɗaya. Ashe kowane mai kusurwa uku rabin tabarma ne. Shi ya sa ake cewa gindi sau tsayi, a raba biyu. Amma a kula da abin da ake kira tsayi. Ba gefen da ya kwanta a karkace ba ne. Layi ne da ya taso daga gindi a tsaye cak, kamar yadda bango ke tasowa daga ƙasa, har ya kai ƙoƙuwa. Nan ne mutane da yawa ke ɓata.

A tambaya ta 52 sai ga goshin sa. Gefe mai faɗi khet 6, gefe siriri khet 4, tsakaninsu khet 20. Ahmes ya tara 6 da 4 ya sami 10. Ya raba biyu ya sami 5. Ya yi 5 sau 20 ya sami 100. Abin da ya yi, kamar ya yanko abin da ya yi yawa a sama ne ya cike abin da ya gaza a ƙasa, har gonar ta miƙe.

Gajerun hanyoyi biyu masu cuta

Ba kullum masu awo ke bin wannan doguwar hanya ba. Rana na da zafi, gonaki na da yawa. Sai suka samo gajeriyar hanya. A garin Edfu, a kudancin Misira, akwai wani babban ɗakin bauta da aka soma ginawa a shekara ta 237 kafin haihuwar Annabi Isa. A bangonsa an sassaƙa jerin gonakin da aka mallaka masa, kowace da tsawon gefunanta huɗu. Lissafin da aka yi shi ne: a tara gefen gabas da na yamma a raba biyu, a tara na kudu da na arewa a raba biyu, sa'an nan a yi wannan sau wancan. In gonar mai kusurwa uku ce, sai a rubuta cewa gefe na huɗu babu.

In gona ta kusa zama tabarma, kuskuren wannan hanya kaɗan ne, ba ya kai a yi magana. Amma in ta karkace sosai, sai abin ya yi muni. Ga misali. Gona ce mai gefe huɗu: metir 100, metir 50, metir 100, metir 50. Amma ta kwanta gefe guda kamar zanar da iska ya tura. In ka auna tsakanin dogayen gefunan a tsaye cak, metir 40 za ka samu, ba 50 ba. Mai gajeriyar hanya zai ce 100 sau 50, wato 5,000. Gaskiyar gonar kuwa 100 sau 40 ce, wato 4,000. An ƙara mata murabba'in metir 1,000 da babu su a ƙasa.

Abin lura shi ne wannan hanya ba ta taɓa rage gona. Ko ta faɗi daidai, ko ta ƙara. Mai karɓar haraji ba shi da dalilin ƙin ta. Mai sayarwa ma haka. Mai biya da mai saye su ke ɗaukar asara, kuma galibi su ne ba su iya lissafin ba. Har yau za ka ga ana wannan awo a bakin gona, kowa na gyaɗa kai.

Hanya ta biyu ta fi wannan muni, ita ce auna gona da kewaye. Mutum ya zagaya gona yana ƙirga taki, ya zagaya wata, ya ce tun da takin ɗaya ne girmansu ɗaya. Wani marubucin tarihi Bagirke, Polybius, wanda ya rayu a ƙarni na biyu kafin haihuwar Annabi Isa, ya yi ƙorafi a kan haka. Ya kawo misalin birane biyu na ƙasarsu. Kewayen Megalopolis ya ɗan fi na Sparta tsawo, amma cikin Sparta ya ninka na Megalopolis. Ya ce in an faɗa wa mutane haka ba su yarda. Bayansa da shekaru ɗaruruwa wani malami mai suna Proclus ya ba da labarin masu rabon ƙasa da ke ba abokansu fili mai dogon kewaye da ƙaramin ciki, su riƙe mai babban ciki, a kuma riƙa yaba musu adalci.

Ku gwada da kanku. Gona ta farko metir 100 da metir 100. Kewayenta 400, cikinta 10,000, ekta guda cif. Gona ta biyu metir 180 da metir 20. Kewayenta 180 da 20 da 180 da 20, shi ma 400. Cikinta fa? 180 sau 20, wato 3,600. Ko rabin ta farko ba ta kai ba. In ƴan'uwa biyu suka raba gado da kewaye, ɗaya zai ci tuwo, ɗaya ya sha kunu.

Daga Sin zuwa Bagadaza

Mutanen Sin can gabas mai nisa su ma sun bi ta wannan hanya da kansu. Suna da wani tsohon littafin lissafi mai babi tara, wanda aka harhaɗa wajen shekara 2,000 da suka wuce don ma'aikatan sarki. Babin farko na awon gona ne. Sun ba gonaki sunaye da abin da suka yi kama da shi: akwai mai siffar abin kwasar shara, akwai mai siffar baka, akwai mai siffar zobe. A shekara ta 263 wani malami mai suna Liu Hui ya yi wa littafin sharhi. Ya bayyana cewa in ka yanki fili ka ɗauke wani sashe daga nan ka liƙa shi can, siffa ta sauya amma girma bai sauya ba. Abin da Ahmes ya yi da goshin sa ke nan.

A ƙasashen Musulmi kuwa, tun zamanin Halifa Umar, wanda ya yi mulki daga 634 zuwa 644, aka aiki Usmanu ɗan Hunaifu ya auna ƙasar noma ta Iraki don a tsai da haraji a kan kowane ma'auni na gona. Wajen shekara ta 820, a Bagadaza, zamanin Halifa Ma'amun, wani masani mai suna Muhammadu ɗan Musa Alkawarizmi ya rubuta littafin da kalmar aljabara ta fito daga sunansa. A gabatarwa ya ce ya rubuta shi ne don abin da mutane ke bukata kullum, kamar gado da wasiyya da ciniki da awon ƙasa da haƙar magudanan ruwa. A babin awo ya kasa filaye masu gefe huɗu iri-iri. Da ya zo kan wanda gefunansa da kusurwoyinsa duk suka saɓa, bai ce a tara gefuna a raba ba. Ya ce a ja layi daga kusurwa zuwa kusurwa, fili ya zama masu kusurwa uku guda biyu, a auna kowanne.

Ya kawo wani misali mai daɗi. Fili mai kusurwa uku, gefunansa 13 da 14 da 15. A ɗauki 14 a matsayin gindi. Tsayinsa ya fito 12, kuma layin tsayin ya raba gindin gida biyu, 5 da 9. Yanki na farko, 5 sau 12 a raba biyu, 30. Yanki na biyu, 9 sau 12 a raba biyu, 54. A tara, 84. In kuma ka ɗauke shi gaba ɗaya, 14 sau 12 a raba biyu, 84 ɗin dai. Ta ko'ina ka yanka, amsa ɗaya ce. Wannan ma hanya ce ta gane ko ka yi kuskure: ka yanka gonar iri biyu, in amsoshin sun yi nesa da juna, ka koma ka sake awo.

Yadda ekta ta iso mana

Saura abu guda. Ko an iya yanka gona, in kamun wannan gari ya fi na wancan, rigima ba ta ƙare ba. A Faransa ta da haka abin yake. Ma'aunin gona da suke kira arpan, na Paris wajen murabba'in metir 3,400 ne, na dazuzzukan sarki kuwa ya haura 5,100, suna ɗaya. A shekarar 1795, bayan juyin mulkin ƙasar, aka yi dokar da ta kafa metir, da ma'aunin fili mai metir 10 da metir 10. Irinsa 100 su ne ekta. A 1807 Napoleon ya ba da umurni a auna kowace gona ta ƙasar a shigar da ita littafi, don haraji ya bi girman ƙasa. Aikin ya ci fiye da shekara 40. Masu awon suna yawo da sarƙa mai metir 10, suna yanka gonaki zuwa masu kusurwa uku da goshin sa, tamkar magatakardan Umma.

Da mulkin mallaka metir da ekta suka shigo Nijar. A ƙetaren iyaka kuwa Ingilishi suka kawo nasu ma'auni, yadi da eka. A ƙasar Kano, a farkon mulkinsu, an yi malaman taki, masu bin gonaki suna ƙirga taki don a yanka haraji. A nan sai a yi hattara. Mu a nan mutane da yawa in sun ce eka, ekta suke nufi. Amma eka ta Ingilishi wajen murabba'in metir 4,000 ce, ba ta kai rabin ekta ba. Wanda ke ciniki ko karanta takardar buhun taki daga Najeriya, ya tambaya wace ake nufi.

Awo ya ƙara shiga rayuwar manomi da aka buɗe filayen noman rani irin na Ƙwanni da Galmi da Jiratawa, inda ake ba kowa yanki aunanne, abin da zai biya na ruwa kuma ya bi girman yankinsa. A 1993 aka kafa dokar ƙasar karkara, wadda ta tanadi kwamitocin kula da filaye masu ba da takardar shaidar gona. Yau mai awo yakan zo da ƴar na'ura mai magana da tauraron ɗan Adam, ko ma da salula, ya zagaya gona ya tsaya a kowace kusurwa, lamba ta fito. Kada wannan ya ruɗe ku ku ce ai ga shi da kewaye ake awo. Na'urar tana riƙe wurin kowace kusurwa ne, sa'an nan a cikinta ta yayyanka gonar ta tara, yadda aka saba tun zamanin laka. Kuma ba kullum mai na'ura ke kusa ba. Ko yana kusa, ya fi kyau mai gona ya san abin da ya kamata ya ji kafin a faɗa masa.

Mu auna tamu

Abin da ake bukata igiya ce wadda ba ta miƙewa, a ƙulla ta kowane metir, da turaku, da mutum biyu ko uku. Kafin a taɓa igiya, a zagaya gonar a zana kamanninta a kaye, ko da zanen bai yi kyau ba. Kowace kusurwa a kafa turke.

Don fitar da kusurwa daidai, ga dabara wadda masu ginin wuraren bauta a Indiya suka rubuta tun fiye da shekara 2,500. A sami igiya mai metir 12, a haɗa bakinta biyu. Mutum ɗaya ya riƙe mahaɗin, na biyu ya riƙe wurin metir 3, na uku ya ƙirga metir 4 daga nan ya riƙe. Abin da ya saura metir 5 ne. Kowa ya ja ta miƙe. Kusurwar da ke tsakanin gefen 3 da gefen 4 ta fito daidai kamar ta takarda. Magina da yawa sun san wannan.

To a ce ga gonarmu. Mun fitar da babbar tabarma a tsakiya, tsawo metir 80, faɗi metir 50. 80 sau 50, 4,000. A bayanta akwai wani lungu da ya fita, shi ma mai siffar tabarma, metir 40 da metir 30. 40 sau 30, 1,200. A gefen gabas gonar ta tsuke ta yi tsini. Gindin tsinin shi ne faɗin babbar tabarma, metir 50, tsayinsa kuwa metir 24. 50 sau 24, 1,200, a raba biyu, 600. A gefen burtali akwai goshin sa, gefe ɗaya metir 30, ɗaya metir 10, tsakaninsu metir 20. 30 da 10, 40. Rabinsa 20. 20 sau 20, 400.

Mu tara. 4,000 da 1,200, 5,200. Da 600, 5,800. Da 400, 6,200. Amma a tsakiyar gonar akwai fako wanda ba ya fid da komi, metir 20 da metir 10, wato 200. In don iri ko taki muke awo, sai mu ɗebe shi. Saura 6,000. Gonar da ake nomawa ta fi rabin ekta da murabba'in metir 1,000. In malamin gona ya ce kilo 50 a ekta, mu namu kilo 30 ne, tun da kowane 1,000 yana cin kilo 5.

In gefen gona ya bi ƙorama yana lanƙwasa kamar maciji, a ja miƙaƙƙen layi kusa da shi, a kafa turke kowane metir 10, daga kowane turke a auna zuwa bakin ƙorama. Tsakanin kowane turke biyu ya zama ɗan goshin sa. Iyakar yawan turaku, iyakar kusantar gaskiya.

Ga aikin da za ku kai wa malaminku a zama mai zuwa. Wani mutum ya rasu ya bar gona biyu. Ta farko tabarma ce, metir 90 da metir 40. Ta biyu tabarma ce mai metir 60 da metir 50, haɗe da tsini mai gindi metir 50 da tsayi metir 40. Ƴaƴansa maza biyu sun zagaya su da taki, babban ya ce shi ya yarda ƙanensa ya ɗauki ta farko. Ku lissafa girman kowace, ku faɗi wadda ta fi, kuma da nawa. Wanda ya gama ya fita da igiya ya gwada a kan filin gidansu. Sai mako mai zuwa, mu kwana lafiya.